Shin ya dace jami'a ta binciki tarihin laifukan malami kafin ta ɗauke shi aiki?

Ɗan Gwandu, Birnin Kebbi:

Assalamu alaikum warahmatullah. Ina gaida dattawa da malamai da lauyoyin da ke wannan zaure, tare da neman shawararku a kan wani aiki da aka ɗora mini.

Ni ma'aikaci ne a ofishin magatakarda na wata jami'a a nan jihar Kebbi, kuma shekara goma sha ɗaya ke nan ina zama sakatare a kwamitocin ɗaukar malamai. An umarce ni da in rubuta daftarin wata ƙa'ida wadda za a gabatar wa kwamitin ɗaukar ma'aikata da ƙarin girma, daga nan ta wuce majalisar gudanarwa, a kan ko jami'a za ta riƙa binciken tarihin laifukan duk wanda take shirin ba aikin koyarwa. Na yi mako uku ina juya al'amarin, amma duk sa'ad da na ga kamar na kamo bakin zaren sai ya sake kuɓuce mini.

Bari in fara da bayyana yadda muke yi a yanzu, domin a san daga inda za a tashi. Idan an tallata gurabe, mai nema yakan kawo takardun shaidar karatunsa, da ta kammala hidimar ƙasa, da ta ƙaramar hukumarsa, da ta haihuwa ko ta rantsuwar shekaru, da jerin rubuce-rubucensa, da sunayen mutum uku waɗanda za su ba da shaida a kansa. A cikin fom ɗin da yake cikewa akwai layi guda da ke tambayarsa ko wata kotu ta taɓa samun sa da laifi. Na buɗe ɗaruruwan irin waɗannan fayiloli da hannuna, kuma ban taɓa cin karo da wanda ya amsa da "eh" ba, haka kuma ban taɓa ganin an tashi wani ma'aikaci ya je ya tabbatar da wannan "a'a" ɗin ba. Ana ɗaure fayil da zare, a jibge shi a kabad, shi ke nan. Su kuwa masu ba da shaidar, mai neman aikin ne ya zaɓo su, sau da yawa ma shi ne yake ɗauko wasiƙunsu a cikin ambulan ya kawo mana.

A da can wannan bai zama abin damuwa ba, domin sashe yakan riƙe ɗalibinsa da ya fi hazaƙa ne ya raine shi har ya zama malami, an san shi an san gidansu. Yanzu kuwa jami'o'i sun yawaita. Ta Tarayya da ke Birnin Kebbi da ta Gusau duk a 2013 aka kafa su, ga ta Aliero, ga ta aikin gona a Zuru, ga ta jihar Zamfara a Talata Mafara, kuma dukansu suna neman masu digirin digirgir daga ko'ina cikin ƙasar nan, ban da malaman aro da ke zuwa daga tsofaffin jami'o'i su koyar su koma.

Abin da nake son sani shi ne ko takardar shaidar hali da 'yan sanda ke bayarwa ta wadatar, da kuma irin laifin da ya kamata ya hana mutum aikin koyarwa, domin ba na jin wanda aka ci tara saboda karya dokar hanya zai zama ɗaya da wanda ya ci amanar dukiya. Sannan yaya za a yi da wanda aka tuhuma amma ba a kai ga yanke masa hukunci ba? Wasu a cikin kwamitin suna so ma a haɗa da malaman da ke bakin aiki tun tuni, abin da nake hangen zai tayar da ƙura.

Lauyan Sabon Gari, Gusau:

Wa alaikumus salam. Malam Ɗan Gwandu, sannu da ƙoƙari. Zan tsaya a kan ɓangaren doka, in bar wa masu alli nasu ɓangaren.

Kafin komai, ya kamata kwamitinku ya fahimci abin da takardar 'yan sanda take faɗa da abin da ba ta faɗa. Sashen binciken manyan laifuka na rundunar ne ke bayar da ita, bayan an ɗauki zanen yatsun mutum an duba rajistar masu laifi wadda aka daɗe da sanin cibiyarta a Alagbon da ke Ikoyi a Legas, kuma yanzu ta shafin POSSAP ake neman ta a intanet. Ma'anarta ita ce ba a ga sunan mutumin a cikin rajista ba. Ba ta nufin bai taɓa aikata laifi ba, ba ta ma nufin ba a taɓa ɗaure shi ba. Sashe na 16 na dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ya tanadi babbar rajista a hannun 'yan sanda, ya kuma ce a aika mata da hukuncin kotu a kowace shari'ar laifi cikin kwana 30 da yanke shi. Wannan shi ne abin da ke rubuce. Abin da idona ya gani a shekarun da na yi ina shiga kotunan majistare da na shari'ar Musulunci a Zamfara shi ne, hukunci yakan ƙare ne a cikin babban littafin da alƙali ko magatakardarsa ya rubuta da hannu, a ajiye shi a kan kanta, ƙura da gara su yi ta aikinsu. Na taɓa yin kwana huɗu ina neman kwafin hukuncin da bai wuce shekara shida da yankewa ba, daga ƙarshe wani tsohon masinja ne ya tuna buhun da aka zuba littafin a ciki lokacin da aka yi wa ginin kwaskwarima. Wanda aka hukunta a irin wannan kotu zai iya zuwa ya karɓo takardar 'yan sanda fes, ba tare da ya yi wa kowa ƙarya ko ya ba da ko sisin kwabo ba.

Akwai kuma haɗari ta ɗaya gefen, wato a shafa wa mai gaskiya kashin kaji saboda kamancin suna. A ƙasarmu za ka tarar da Abubakar Muhammad uku a aji ɗaya, kuma mutum ɗaya yana iya zama da sunan mahaifinsa a wata takarda, da sunan garinsu a wata. Saboda haka duk binciken da ba a ɗaure shi da lambar NIN da zanen yatsu ba, kada ku yarda a kafa hujja da shi a kan kowa.

Game da wanda aka tuhuma kawai, sashe na 36(5) na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce duk wanda ake tuhuma da laifi ana ɗaukar sa marar laifi har sai an tabbatar. Ku tuna kuma cewa kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke tsare a gidajen gyaran hali na ƙasar nan jiran shari'a suke yi, don haka cewa wane ya taɓa kwana a gidan yari ba ta nuna komai a kan halinsa. Kotun Ƙoli ma, a shari'ar Garba da Jami'ar Maiduguri ta 1986, ta nuna cewa kwamitin jami'a ba kotu ba ne da zai yanke cewa mutum ya aikata laifin da dokar ƙasa ta tanadar wa hukunci. A kan ɗalibai aka yi waccan shari'ar, amma darasinta ya shafe ku. Idan shari'ar mai neman aiki tana gudana, kuna iya jinkirta ɗaukarsa, amma kada ku rubuta a cikin bayanan taronku cewa mai laifi ne.

A kan wanda aka riga aka hukunta, dokokin aikin gwamnatin tarayya ba su rufe ƙofa ruf ba. Abin da suka ce shi ne ba za a ɗauki wanda kotu ta samu da laifi, ko wanda aka taɓa kora daga aikin gwamnati, ba sai da amincewar hukumar ɗaukar ma'aikata tukuna. Ku jami'a majalisar gudanarwa ce ke riƙe da wannan iko a wurinku, don haka ita ya kamata a kai wa irin wannan batu. Idan kuna neman ma'aunin lokaci, kundin tsarin mulki ya ba ku misali: sassa na 66 da 107 da 137 da 182 sun hana wanda aka hukunta kan laifin rashin gaskiya tsayawa takara ne idan hukuncin bai kai shekara goma ba kafin ranar zaɓe. Zai yi wuya ku gamsar da alƙali cewa mutumin da doka ta yarda ya nemi kujerar gwamna bayan shekara goma bai cancanci koyar da lissafi ba har abada. Ga kuma afuwar shugaban ƙasa a sashe na 175 da ta gwamna a sashe na 212, ga dokar gidajen gyaran hali ta 2019 wadda ta tanadi takardar shaidar kyakkyawan hali ga fursunan da ya gyaru, ta kuma hana a nuna masa bambanci saboda zaman da ya yi.

Abu na ƙarshe shi ne dokar kare bayanan jama'a ta 2023. Sai mai neman aiki ya sa hannu ya amince kafin ku bincike shi, kuma abin da kuka samo ba na hira a ofis ba ne. Ku fayyace wanda zai gani, da inda za a ajiye, da lokacin da za a lalata takardun waɗanda ba a ɗauka ba.

Baban Alli, Argungu:

Barista ya yi bayani mai gamsarwa, Allah ya ƙara basira. Ni na yi shekara talatin da biyar ina koyarwa kafin in yi ritaya, kuma ɗana Ɗan Gwandu, ina so in ja hankalinka ga abin da matasa ba su gani da idonsu ba.

Wannan muhawara ba a kanmu aka fara ta ba. A Amurka ta yi zafi a 2003, lokacin da aka gano cewa wani malami a Jami'ar Penn State mai suna Paul Krueger ya kashe masunta uku a jihar Texas a 1965 yana matashi, an yanke masa ɗaurin rai da rai, an sake shi a 1979, ya yi karatu har ya kai matakin digirin digirgir, ya kuma shafe shekaru yana koyarwa ba tare da jami'ar ta san tarihinsa ba. Daga nan jami'o'i da dama suka rungumi bincike. Ƙungiyar malaman jami'o'in Amurka ta fitar da matsayarta a 2004, inda ta nemi a auna zurfin binciken da irin aikin da za a ba mutum, kada a mayar da kowane mai neman aiki abin zargi. Sai kuma ga abin da ya faru a Fabrairun 2010 a Huntsville ta jihar Alabama, inda wata malamar kimiyyar halittu mai suna Amy Bishop ta harbe abokan aikinta uku har lahira ana tsakiyar taron sashe. Daga baya aka tuno cewa ta harbe ɗan'uwanta a 1986, amma a wancan lokacin an rufe maganar a matsayin tsautsayi, don haka babu hukuncin kisa da wani bincike zai tono. Idan ƙasar da kusan komai nata yake cikin kwamfuta tarunta ya bar irin wannan kifi ya wuce, ina ga namu da Barista ya ce yana cikin buhu?

Amma ba wannan ne ya fi damuna ba. Abin da ya fi damuna shi ne hannun da za a damƙa wa wuƙar. Mu da muka yi zamanin soja mun ga an haramta ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU a 1988, an sake haramta ta a 1992, a lokacin da ɗanmu na Kebbi Farfesa Attahiru Jega yake shugabancinta, mun kuma ga yadda aka riƙa tsare mutane ba tare da shari'a ba a ƙarƙashin doka ta 2 ta 1984. Wole Soyinka ya yi kusan shekara biyu a tsare lokacin yaƙin basasa. Obasanjo an ɗaure shi a 1995, ya fito a 1998, ya zama shugaban ƙasa a 1999. A Jami'ar Ilorin an kori malamai 49 a 2001 saboda yajin aiki, sai a 2009 Kotun Ƙoli ta mayar da su. Da a ce akwai ƙa'idar da ta ce duk wanda aka taɓa kora ko tsarewa ba ya koyarwa, da waɗannan mutane sun yi shekara takwas ba su da inda za su sa kansu, alhali gaskiya tana tare da su.

Kada ka ce wannan tarihi ne ya wuce. A yau ma ana iya kai matashi gaban majistare saboda rubutun da ya yi a Facebook a kan wani mai mulki, a tsoratar da shi ya amsa laifi domin ya koma gida da wuri, a ci shi tara kaɗan. Bayan shekara bakwai ya gama digirinsa na uku, ya zo neman aiki, sai wani da ke da nasa ɗan takarar ya zaro wannan takarda ya ɗora a kan tebur. Duk wanda ya zauna a kwamitin ɗaukar aiki ya san ba kullum cancanta ce kaɗai ke magana ba.

Saboda haka idan har za a yi, a rubuta sunayen laifukan da ake nufi ƙarara, kada a bar kalma mai faɗi irin "rashin ɗa'a" wadda kowa zai cusa abin da yake so a cikinta. Hukumar da ke sa ido kan adalci a ɗaukar aiki a Amurka ta ba da ma'auni uku a 2012, wato girman laifin, da tsawon lokacin da ya shuɗe, da alaƙarsa da aikin da ake nema, kuma ban ga aibin aro su ba. Ingila ma tun 1974 take da dokar da ke ɗauke wa mai ƙaramin laifi wajabcin bayyana shi bayan wani wa'adi. Batun malaman da ke bakin aiki kuwa, shawarata ita ce ka cire shi gaba ɗaya, domin da sharuɗɗan da aka ɗauke su za a yi musu hukunci, kuma ƙungiya ba za ta zuba ido ba.

Uwar Ɗalibai, Yauri:

Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ban isa in yi jayayya da abin da ka gani da idonka ba, amma ka yi mini izini in faɗi abin da ni ma na gani, domin duk bayanan da suka gabata sun tsaya ne a kan haƙƙin mai neman aiki, ba a ambaci yarinya 'yar shekara goma sha bakwai da za a tura ofishinsa ita kaɗai ta kai aikin gida ba.

Na yi shekara shida a kwamitin ladabtarwa na wata jami'a, kuma abin da na koya shi ne malamin da ya fi zama haɗari ga ɗalibai ba shi da tarihi a kowace kotu. Shari'ar farfesan nan na Jami'ar Obafemi Awolowo da hukumar yaƙi da cin hanci ta ICPC ta gurfanar, aka ɗaure shi shekara biyu a Disambar 2018, ta yi suna ne saboda irinta ba ta da yawa, kuma ta kai ga haka ne don ɗalibar ta naɗi muryarsa. Binciken da BBC ta fitar a 2019 kan jami'o'in Legas da Ghana ma da ɓoyayyar kyamara aka yi shi. A 2019 ɗin ne kuma aka ƙaddamar da rajistar masu laifin lalata ta ƙasa a ƙarƙashin hukumar yaƙi da fataucin mutane ta NAPTIP, kuma ya kamata a riƙa duba ta tunda tana nan, amma mafi yawan ƙorafe-ƙorafen da ke zuwa gabanmu ba sa fita daga harabar makaranta balle su isa can.

Ga yadda abin yake tafiya. Wata ɗaliba ta kawo mana ƙara da saƙonnin waya da muka karanta da idonmu, wasu biyu suka biyo bayanta da irin labarin. Aka ba malamin takardar neman ba'asi, aka sa ranar zama. Ana saura kwana biyu sai ga motoci uku a bakin ofishin shugaba, dattawa cikin manyan riguna, har da limamin unguwarsu, suna roƙon a rufa masa asiri saboda yana da mata biyu da 'ya'ya tara da tsohuwar uwa. Aka daidaita a kan ya ajiye aiki da kansa. Da ya ajiye sai aka ce kwamiti ba shi da hurumi a kan wanda ba ma'aikaci ba, aka rufe fayil, aka ba shi wasiƙar da ke cewa ya bar aiki bisa raɗin kansa. Ba a yi shekara ba na ga sunansa a jadawalin jarrabawar wata makaranta a jihar da ke maƙwabtaka da mu. Tsugune ba ta ƙare ba, mun dai kwashe matsalar daga kan 'ya'yanmu mun ɗora wa 'ya'yan wasu. Wannan mutum idan ya nemi takardar 'yan sanda sau goma, sau goma za a ba shi.

Kuma a yankinmu ɓarnar ba ta tsayawa a kan yarinya ɗaya. Wanda ya san wahalar da ake sha kafin uba a ƙauyen Shanga ko Bagudo ya yarda 'yarsa ta tafi jami'a ya san cewa labari ɗaya irin wannan ya isa ya rufe ƙofar karatu ga 'yan matan gari guda.

Saboda haka, Malam Ɗan Gwandu, ƙarfin daftarinka ya kamata ya koma kan wurin da mutum ya baro. Magatakardarku ya rubuta kai tsaye zuwa ga magatakardar tsohuwar makarantarsa, ba ta hannun mai neman aikin ba, ya yi tambaya a fili ko an taɓa ladabtar da shi, da kuma ko ya bar aiki ne alhali ana bincikensa. Mai neman aiki ya sa hannu tun farko cewa ya yarda a yi wannan tambaya. Sannan ku ma ku gyara naku gidan, ku rubuta cewa ajiye aiki ba ya dakatar da binciken da aka riga aka fara, domin ba daidai ba ne ku nemi wasu su gaya muku gaskiya alhali ku kuna sallamar naku da farar wasiƙa. Malaman aro ma su shiga ciki, don su ne ake ɗauka da kiran waya kawai. Na yarda da Baba cewa a bai wa wanda aka samu da tabo dama ya yi bayani, kuma korar da aka yi saboda yajin aiki ko siyasa ba ita nake nufi ba.

Kada kuma a manta da takardun karatun kansu. Hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, ta sanar a 2019 cewa ta gano farfesoshin bogi kusan 100, kuma a ƙarshen 2023 ɗan jarida Umar Audu ya nuna yadda ya samo digiri daga Kwatano ta Jamhuriyar Benin cikin mako shida, abin da ya sa gwamnati ta dakatar da tantance digirorin Benin da Togo a farkon 2024. Wasiƙa ɗaya zuwa jami'ar da ta ba da digiri ta fi takardar 'yan sanda amfani a nan.

Almajirin Malam, Talata Mafara:

Allah ya saka wa kowa da alheri. Ina so in ƙara wani abu daga fiƙihu, saboda na san a kwamiti za a samu wanda zai ce wannan bincike tonon asiri ne da addini ya hana.

Gaskiya ne aya ta 12 a Suratul Hujurat ta hana bin diddigin asirin mutane, amma malamai sun bambanta tsakanin wannan da nasiha ga wanda zai damƙa amana. Lokacin da Faɗimatu 'yar Ƙaisu ta nemi shawarar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a kan masu neman aurenta, ya faɗa mata aibin kowannensu da ya shafi zaman aure, bai ƙara da abin da bai shafe shi ba. Aya ta 26 a Suratul Ƙasas kuma ta haɗa sharuɗɗa biyu ga wanda za a ɗauka aiki, ƙarfi da amana. Takardun digiri ƙarfi kawai suke nunawa. Dattawan da Hajiya Uwar Ɗalibai ta ambata sun ɗauka suna aikin lada ne, alhali suturar da shari'a ta kwaɗaitar a yi ba ta haɗa da wadda za ta jawo cutar da wani ba.

Alƙalanmu na mazhabar Malikiyya sun san tazkiyyar shaidu, ta ɓoye da ta bayyane, inda ake tambayar waɗanda suka zauna da mutum suka yi hulɗa da shi, ba waɗanda suka san shi a masallaci kawai ba. Sun kuma san i'izari, wato ba a yanke wa mutum hukunci sai an tambaye shi ko yana da sauran hujja. Game da wanda ya tuba, a cikin littafin fiƙihu na Risala an ce wanda aka yi wa haddin zina idan ya tuba ana karɓar shaidarsa, sai dai a kan zina. Wato tuba tana mayar masa da mutuncinsa, amma ba a mayar da shi bakin ramin da ya taɓa faɗawa. A kan wannan ƙiyasi, wanda ya taɓa cin kuɗin jama'a ya tuba yana iya koyarwa amma kada a ba shi riƙon kuɗin bincike, wanda kuwa laifinsa a kan ɗalibai ne, aji shi ne ramin nasa.

Ɗan Gwandu, Birnin Kebbi:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na sake fasalin daftarin tun daga tushe. Binciken zai zo ne bayan kwamiti ya zaɓi wanda yake so bisa cancanta, domin kada a yi amfani da shi wajen tankaɗe da rairayar 'yan takara tun farko kamar yadda Baba ya ji tsoro. Na sa wasiƙar magatakarda da tantance digiri a gaba, takardar 'yan sanda da rajistar NAPTIP a bayansu, na cire malaman da ke bakin aiki, na shigar da malaman aro. Na kuma ɗauki wa'adin shekara goma ga laifukan rashin gaskiya, ban sa wa'adi ga laifin da aka yi a kan ɗalibi ko yaro ba.

Saura abu guda da ya tsaya mini. Na san halin ofisoshinmu, wasiƙa takan yi wata huɗu ba a amsa ba, ga zangon karatu ya kama, ga sashe ba shi da mai koyar da darasin. Barista, idan tsohuwar makarantar ta yi shiru, a ɗauke shi ko a jira?

Lauyan Sabon Gari, Gusau:

A ɗauke shi bisa sharaɗi, kuma a rubuta sharaɗin a cikin takardar ɗaukar aikin kanta, cewa ba za a tabbatar da shi ba sai amsar ta iso, kuma idan ta bayyana ya ɓoye wani abu da aka tambaye shi a fom, wannan kaɗai ya isa dalilin soke ɗaukar bayan an saurare shi. Tunda dama sabon malami yakan yi shekara biyu ko uku na gwaji kafin a tabbatar da shi, kuna da isasshen lokaci. Shirun wata makaranta ba laifinsa ba ne, don haka kada a hukunta shi a kansa. Ku aika wasiƙa ta biyu bayan kwana 30, idan ita ma ba a amsa ba ku tashi ma'aikaci ya je da ƙafarsa, domin daga Birnin Kebbi zuwa Sakkwato ko Gusau ko Zariya ba tafiyar da za ta gagari jami'a ba ce, ya dawo da amsa a rubuce mai ɗauke da hatimin ofis da sa hannun magatakarda.